Hasken da Ya Je Rijiyar Dempsey Ya Dawo

"Ba zan sa ba! Ko wanda ya ƙera shi ne ya zo nan ya durƙusa, ba zan sa ba."

"To ka ƙona idon na'urar, Baba. Ranar Juma'a sai ka tsaya gaban masu shanu ka yi musu bayani da bakinka."

"Haske ne zai ƙona ta? Ke kin taɓa jin inda ruwa ya yi wa rijiya yawa?"

Ni dai ina bayan kanta ina goge kofi ɗaya tun ɗazu, har ya kusa hujewa. Mai ɗaga muryar nan ƙanena ne, Rolly, ya haura saba'in amma har gobe gani yake shi ne autan Inna da ba a ce masa a'a. Mai mayar masa kuwa 'yarsa ce, Tamsin. Shagon shayina da ke karar shanu ta Wandoola suka mayar kotu, don nan ne akwai fanka, nan ne kuma ake cin kek mai barbaɗen kwakwa ba a biya.

Rolly shi ke kula da layin faiba, wato wayar sadarwa ta zaren gilashi, da makiyayan yankinmu suka yi karo-karo suka binne, daga gari zuwa gidajensu na can cikin daji. Tamsin ta yi shekaru a birnin Adelaide tana aiki a wani ɗaki mai sanyi da babu komai sai na'urori, bara ta tattaro ta dawo, wai ta zo taimaka wa ubanta. Kowa a garin nan ya san mukullin motar aiki ta zo karɓa. Tun da Rolly ya shige ƙyauren gonar mutane da mota da rana tsaka, ya ce ƙyauren ne aka matsar, take zargin idonsa. Ta ce ya je likita, ya ce likitan ya zo. Shi kuma motar nan ita ce ƙafarsa, ita ce ofishinsa, tun rasuwar matarsa ma ita ce abokiyar hirarsa. Ka raba shi da ita, ka zaunar da shi a baranda yana kora ƙudaje.

Aikin da ya haɗa su faɗa bai taka kara ya karya ba. An gina sabuwar rumfa mai sikeli da kyamara, don masu saye na nesa su ga shanu a wayarsu su yi tayi. Ana so a haɗa rumfar da ofis. Tsakaninsu kuwa, ni da wannan tsohon hannun nawa ina iya jefa burodi daga nan ya faɗa can.

Na ajiye kofin na ce, "Ku tsaya. Ni makarantata ba ta yi nisa ba, amma kunnena ya yi. Tamsin, mene ne zai ƙone?"

Ta zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihu, tsawonsa kamar na ɗan yatsa, da ramuka biyu a kansa, ta ɗora kusa da gwangwanin sukari.

"Gwaggo Glenis, kin ga wannan ramin? Fitila ce. Wannan kuma ido. Ana sa ɗaya a ofis, ɗaya a rumfa. Fitilar wannan ta haska wa idon wancan ta cikin zaren gilashi, ta wancan ta haska wa na wannan. Shi ke nan hoto ya wuce."

"Abin kamar saurayi da budurwa."

"Kusan haka. To akwai na nisan kilomita goma, akwai na tamanin. Da na goma ne, ko taku biyu ne tsakaninsu ba abin da zai same shi, idonsa na jurewa, a jona kawai a tafi. Amma ki tambayi ƙaninki ko akwai na goma ko ɗaya a motarsa."

Rolly ya ce, "Me zan yi da na goma? Kilomita goma ko daga makiyayar mutum ɗaya ba ta fitar da kai ba. Kayan 'yan birni ne."

"Kin ji ko? Duk na tamanin ne. Shi fitilarsa ƙarfi gare ta, idonsa kuma an yi shi ne don ya tsinci ɗan abin da ya rage bayan haske ya sha doguwar tafiya. Ki dasa su dab da juna, sai ido ya dushe. In aka daɗe ma ya mutu."

Nan take na gane, don na zauna da irinsa. Marigayi mijina Bert ya tashi yana kiran karnukan tumaki daga wannan tudu zuwa wancan, bai taɓa koyon magana ta cikin ɗaki ba. Muna kan matashi ɗaya zai ce a miƙo masa ruwa, maƙwabta su taso da bokiti. Kunnena na hagu har yau bai yafe masa ba.

Na ce, "To maganinsa fa?"

"Wani ɗan abu ne kamar murfin biro, atenuweta. Ana maƙala shi a bakin idon, ya shanye rabin hasken ko fiye, ya bar daidai wanda ido zai ɗauka. Na yi oda, amma motar wasiƙu ba za ta iso ba sai bayan kasuwa."

Rolly ya bugi tebur har cokula suka yi tsalle. "Ya shanye! Yaya, kina ji? Shekara nawa na yi ina rarrafe cikin rami, ina goge bakin waya kamar mai goge zoben aure, don kada ɗigon haske ɗaya ya ɓace a hanya. Yau 'yar cikina ta ce in sayi abin da aikinsa kawai ya zubar da shi."

Ban yi masa dariya ba, don na san inda abin ya samo asali. Mu a zamanin fari muka tashi, lokacin da ruwa ya yi wuya. Ruwan baho ɗaya Inna ke yi mana wanka mu duka, ta wanke tufafi da shi, sannan ta kai wa bishiyar lemo. Har yau Rolly in ya ga famfo na ɗiga a gidan wani sai ya tashi ya matse. A duk rayuwarsa bai taɓa haɗa wurare biyu da ke ganin juna ba. Shi matsalarsa kullum abu bai isa ba ne. Abu ya yi yawa, wannan baƙon ciwo ne a wurinsa.

Wata waya mai ruwan ɗorawa na rataye a wuyan Tamsin, ɗaya bakin nata a jone da wata 'yar na'ura. Na kama bakin da ke lilo na kai ido don in ga wannan haske da ake ta rigima a kansa. Ta doke hannuna kamar na taɓa tukunyar wani.

"Gwaggo! Ba a leƙawa! Ba a ganinsa, amma yana cin ido."

"Hasken da ba a gani, wa ya shaida haske ne?"

"Mita ta shaida."

"Mitar ido gare ta?"

"Ya fi naki."

Yarinyar nan bakinta na gidanmu ne.

Ashe da safe, kafin ta iso, Rolly ya riga ya jona kayansa. Muka ɗunguma ofis in gani, don gani ya kori ji. Ya sake jonawa yana hura hanci. Hoton rumfa ya fito a allo, ga wani bijimi a kan sikeli. Sai ya daskare. Sai kan bijimin ya tafi ya bar gindinsa. Sai allo ya yi baƙi, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Tamsin ta fizge wayar da sauri, ta sa a mitarta, ta kai wa uban lambar dab da hanci.

Ya kawar da kai. "Na gani."

Ni kuwa na lura bai duba ba.

Ta ce in ba ta tsinken saƙata. Kullum yana cikin aljihun gaban rigata, don ba a san inda zama zai kama mutum ba. Ta naɗa wayar a jikinsa sau da dama, a hankali, tana kallon mita. Lambar ta yi ta sauka. Ta jona, hoto ya fito tas, bijimi da kansa da gindinsa wuri ɗaya.

Na ce, "Ikon Allah! Ina hasken ya tafi?"

"Ba ya son kwana mai tsanani. In aka lanƙwasa masa hanya sai wani ya zille ta gefe. Ba aikin kirki ba ne, amma zai kai mu Juma'a."

Na shafa tsinken ko zan ji ɗumi. Ban ji komai ba. Na duba ƙasa ko ya zuba. Har yau abin nan na ci mini rai, a ce abu ya fita daga waya ya shiga ɗaki, ba wanda ya gan shi, ba wanda ya share.

Rolly ya warware wayar ya miƙo mini tsinkena. "Sunana ba zai hau aikin da tsinken saƙa ke riƙe da shi ba. Ke yarinya, saurara. In na haɗa ofis da rumfa, hoto ya fito garau, ba murfin bironki, ba tsinken Yaya, ba kuma ɗigon da na zubar, za ki bar mini maganar mukulli?"

"In ka kasa fa?"

"Ki ɗauka."

"Wa zai yi alƙalanci?"

Duk suka juyo suka kalle ni. Na gyara zama. Tun da nake ba a taɓa ba ni muƙamin da ya dace da ni kamar wannan ba.

Washegari da hantsi na ga Rolly na loda kaya a mota yana waige-waige. Na rufe shago, na ɗauki fulas da ragowar kek, na buɗe ƙofa na zauna.

"Ina za ki, Yaya?"

"Inda za ka. Alƙali ba ya hukunci a kan abin da bai gani ba."

Sai da muka bar kwalta ya faɗa mini dabararsa, yana murmushi kamar yaron da ya saci zuma. Layin makiyaya ya bi ta bayan kara ya nufi Rijiyar Dempsey, wajen kilomita talatin, inda akwai wata 'yar bukkar kwano da wayoyi ke haɗuwa. A cikin layin akwai zare huɗu da ke zaune ba aikin fari ba na baƙi. Zai tura hasken ofis ta ɗaya ya tafi rijiya, a can ya juyo da shi ta wani ya dawo rumfa. Na rumfa ma haka.

"Ba cewa ta yi an yi shi don tafiya ba? To ya yi tafiyar. Ya je ya ga gari, ya dawo a gajiye, ya shiga da ladabi."

Na ce, "Wato don ka gaida maƙwabcinka na jikin katanga sai ka bi ta Rijiyar Dempsey."

"Ba a zubar ba dai."

Wallahi abin ya burge ni. Na yi ta kallon jan ƙasa ta taga ina tunanin ga shanun mutane nan za su bi ta ƙarƙashinmu a guje, su je su dawo, ba ƙura ba kuka. Na tambaye shi awa nawa hasken zai yi a hanya. Ya ce kafin in ƙifta ido ya je ya dawo sau ɗari. Na ce ƙarya yake. Ya ce in tambayi Tamsin. Na ce ai ba ma magana da ɗaya ɓangaren sai ranar shari'a.

Bukkar zafi kamar tanda. Ya buɗe wani akwati a bango, ga 'yan wayoyi sirara kowace da launinta. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ya kama ɗaya ya kai ta bakin ƙofa.

"Yaya, wannan koriya ce ko?"

"Toka-toka ce."

"Haka na ce. Ƙura ce ta hau ta." Ya kama wata. "Wannan ce koriyar."

"Shuɗiya ce, Rolly."

Ya saki wayar. Can ya ce, "To miƙo mini koriyar mana, kin tsaya kina kallona."

Haka muka yi aikin, ni ido shi hannu. Hannun kuwa ba abin da ya same shi. Yana taɓa waya ya san inda za ta, ya goge bakinta, ya tura ta har ta ce ƙyas, ko rawa yatsunsa ba sa yi. Muka sha shayi a inuwar tankin ruwa, ya ci kek uku, ya yi ta ba ni labarin yadda suka binne layin.

A komowa ne rana ta karkata ta tsaya mana a gaba, ga wani farin filin gishiri a gefen hanya yana mayar da ita. Na ji motar ta fara bin gefe. Ta sauka daga hanya, ta hau, ta sake sauka. Na ga ya sa hannu ɗaya ya kare fuska, hawaye na bin kumatunsa. Wata tsohuwar taya da aka kafa don alamar kwana ta taso mana, na ƙwalla ƙara, ya taka birki.

Muka zauna, inji na ta kaɗawa.

"Me kake gani?" na ce.

"Fari."

"Fari da me?"

"Fari kawai. In rana ta yi sanyi ina gani sarai. Ita ce in ta yi yawa..." Bai ƙarasa ba. Ina jin shi ma ya ji abin da bakinsa ke shirin faɗa.

Ni na tuƙo mu gida. Rabona da sitiyari tun Bert na da rai, kuma ko a lokacin ba a yabona. Na riƙe shi da hannu biyu kamar tiren shayi, wani kangaru ya tsaya a bakin hanya yana kallonmu har muka wuce, don ya ga ba abin gudu. Dab da gari Rolly ya ce in tsaya mu canja, kada a gani.

"Yaya, ki rantse ba za ki faɗa ba."

"Haba ɗan Inna, ni?"

"Ke ɗin. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

Na ce na ji. Ku lura, cewa na yi na ji.

Ranar Juma'a kara ta cika, manyan motoci har bakin titi. Hoto ya fito garau tun daga saniyar farko har ta ƙarshe. Mai gwanjo na ihu, mutanen nesa na tayi ta waya, har wani daga can gabar teku ya kwashe 'yan maruƙan da ba wanda ya zaci za su fita. Ni ina zuba shayi ina satar kallon allo, duk saniyar da ta wuce sai in ce a raina, sannu da hanya, ya mutanen Dempsey?

Da aka watse suka shigo shago. Rolly ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ajiye mukulli a tsakiyar tebur don tsokana. Tamsin ta riga ta bi wayoyi ta gano abin da ya yi.

"Baba, kilomita sittin na hanya ai shi ne atenuweta! Hanyar ce ta shanye hasken. Abin da ɗan murfin biro zai yi, shi ka yi da zare huɗu da tankin mai."

"Shanyewa daban, aiki daban. Nawa tafiya ya yi."

"Gobe wani ya sa garma ya tsinke layi a daji, kara ta mutu, alhali ga rumfa ga ofis!"

"In ya tsinke in gyara. Ba ni da mota ne?"

Ta juyo. "Gwaggo, ki faɗi gaskiya."

Na yi gyaran murya, na goge hannu. "Murfin biro, an sa?"

"A'a."

"Tsinkena, ga shi a aljihuna. Hoto ya fito?"

"Ya fito, amma..."

"Ɗigon da aka zubar kuwa, na duba hanya da idona tun daga nan har rijiya, ban ga ko ɗaya ba. Rolly ya ci."

Tamsin ta cije leɓe. Ta san sharaɗin da ta amsa, kuma 'yar halak ce, ba ta ja ba. Ni ma da a nan aka tsaya, da na kai maganar nan kabari, ko aƙalla na kai ta Lahadi.

Amma Rolly bai iya cin nasara shiru ba. Ya ɗauki mukullin yana kaɗa shi a yatsa.

"Abin da babba ya hango, yarinya, ko kin hau hasumiyar injin rijiya ba za ki gani ba. Gobe ma da rana zan wuce layin arewa, can bayan babban filin gishiri. Ni kaɗai. Kwana biyu zan yi, kada a neme ni."

Na san hanyar nan. Ba gida, ba inuwa, ba mai wucewa sai an yi sa'a. Fari ne tun daga nan har inda sama ta taɓa ƙasa.

Na ɗauki butar shayi na ƙara masa, a hankali, har ta cika.

"To madalla. Sai dai ni gobe ina da wanki. Wa zai nuna maka koriya da shuɗiya?"

Mukullin ya daina juyawa.

"Yaya."

"Tambaya na yi. Kuma in rana ta tsaya maka a gaba, wa zai tuƙo ka? Kangarun nan ya riga ya san ni, kai bai san ka ba."

Tamsin ta kalle ni, ta kalli uban. Na zaci za ta yi tsalle ta ce ai ta faɗa. Ba haka ta yi ba. Ta miƙa hannu ta ɗora a kan nasa, muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya janye hannun.

"Yanar ido ce kawai, Baba. Aiki ne na rabin yini, ana cirewa. Ni zan kai ka. Layin arewa ma mu je tare, ni in tuƙa, kai ka yi aikin, ai ban san rabin..."

"Kin rantse mini," ya ce da ni, ko kallonta bai yi ba.

"Cewa na yi na ji."

Ya miƙe. Ya sa hula. Ya daɗe a tsaye da mukullin a tafin hannunsa, yana shafa shi da babban yatsa. Sannan ya ajiye shi a gaban Tamsin, ba jifa ba, ajiyewa.

"Giya ta biyu tana ƙi, sai kin lallaɓa ta. Kada ki cika mata kaya a baya." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, tun muna yara bakinki rariya ne. Kek ɗinki ma ya bushe."

"Uku ka ci."

"Don kada a zubar ne!"

Ya nufi ƙofa. Rana na shigowa ta raga, ya lalubi mariƙin ta hagu alhali yana dama. Tamsin ta yunƙura za ta tashi, na danne kafaɗarta. Ya same shi da kansa, ya fita, ya banko ƙofar har kofunan kanta suka amsa.